Kwana Nawa Kaya Suka Yi? Koya wa Waya Faɗin Tsawon Lokaci da Hausa

Yau ina so mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke fitowa a fuskar wayoyinmu kullum, amma ba kasafai muke tsayawa mu dube shi ba. Wato wannan ɗan rubutu da ke gaya maka tsawon lokaci: saƙo ya shigo minti 5 da suka wuce, batir zai cika nan da awa 1, tafiya za ta ɗauki awa 9. A ido kalmomi uku ne ko huɗu. Amma ga mai gina manhaja, kowace kalma a cikinsu sai da aka yanke shawara a kanta, kuma galibi wanda ya yanke shawarar bai san yadda Bahaushe ke ƙirga kwana ba.

Ni dai ɗan Hausari ne. Kakana ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin goro da fata, ya zauna, ya hayayyafa, har ga mu yau maƙwabtanmu Barebari na kiran mu Afuno muna amsawa da fara'a. Sana'ata gyaran waya da kwamfuta, kuma da dare nakan ɗan taɓa ginin manhaja. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da sito a wajajen kasuwar Gamboru inda fatake ke ajiye buhunan wake da barkono da kwalayen bandar kifi kafin su sami mota, kuma a gaban siton akwai teburin cajin waya. Teburin nan ya samo asali ne a 2021, shekarar da aka karya turakun wutar da ke zuwa mana daga Damaturu, garin nan ya yi watanni cikin duhu, caji ya zama sana'a. Duk lissafinsa a littafi yake, har ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari. Allah Ya tsare rayukan gidanmu, amma littafin Kawu ya zama kamar kunu. Bayan an natsa ne ya ce mini, "Kai ɗan nan, wannan danne-dannen da kake yi, ba za ka sa mini lissafina a waya ba?"

Kafin in rubuta ko layi ɗaya, sai na ɗauki sati guda ina zama gefensa ina sauraren yadda yake yanke wa mutane kuɗi. Abin da na fahimta a satin nan shi ne dalilin wannan rubutu.

Bari mu fara da yadda na'ura ke ganin lokaci. Ita kwamfuta ba ta san Litinin ko Talata ba, ba ta san hantsi ko la'asar ba. Abin da ta sani lamba ce guda ɗaya mai ta ƙaruwa: adadin sakan da suka shuɗe tun daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, agogon GMT. Wannan tsari ya fito ne daga babbar manhajar Unix, kuma a kansa mafi yawan wayoyi da kwamfutoci ke tafiya har yau. In kana son sanin tsawon abin da ya faru, sai ka ɗauki lambar ƙarshe ka cire ta farko. Abin da ya rage shi ne tsawon lokacin, amma cikin sakan zalla.

A ce Alhaji wane ya sauke buhu 40 ranar Litinin da ƙarfe 6 na yamma, ya zo ɗauka ranar Laraba da ƙarfe 8 na safe. Na'ura za ta ce sakan 136,800. Babu mahalukin da za ka faɗa wa haka ya gane. Don haka sai mai manhaja ya raba: akwai sakan 86,400 a awa 24, da 3,600 a awa ɗaya, da 60 a minti ɗaya. Ka raba 136,800 da 86,400, ka sami 1, saura 50,400. Ka raba wannan da 3,600, ka sami 14 cif. To a nan duk littafin koyon manhaja zai ce ka gama, ka rubuta rana ɗaya da awa 14. Har akwai ƙa'idar duniya ta rubuta wannan tsakanin na'ura da na'ura, wadda ake kira ISO 8601, da aka fara fitarwa a 1988; a cikinta za a rubuta shi P1DT14H.

To amma je ka gaya wa Kawu cewa kayan nan kwana 1 suka yi. Zai dube ka ya ce, "Sun kwana daren Talata, sun kwana daren Laraba. Kwana nawa ke nan?" Kuma shi mai kayan ba zai yi musu ba, domin shi ma haka yake ƙirgawa. In kuɗin ajiya naira 200 ne a kan kowane buhu, bambancin kwana 1 da kwana 2 a buhu 40 naira 8,000 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tsakanin mutum biyu da suka shekara ashirin suna hulɗa.

Abin lura a nan, mai karatu, shi ne kalmar kwana ba awa 24 take nufi ba. Kwana dare ne da aka raya ko aka yi barci a cikinsa har gari ya waye. Shi ya sa muke gaisawa da "ina kwana" da safe, "ina yini" da yamma. Wanda ya sauka gidanka ƙarfe 11 na dare ya tafi bayan sallar asuba, awa 6 kacal ya yi, amma ya kwana. Wanda ya zo ƙarfe 7 na safe ya tafi 9 na dare ya yi awa 14, amma bai kwana ba, yini ya yi. Haka muke ƙirga suna: an haihu Litinin, suna Litinin, kwana 7. Haka muke ƙirga kwanakin baƙo da na tafiya da na jinya. Mu dare muke ƙirgawa, ita kuwa na'ura awa take tarawa.

Wani zai ce ai da sauƙi, a ƙirga sau nawa aka tsallake ƙarfe 12 na dare. Wannan ma bai yi daidai da abin da na gani a sito ba. Mota kan iso ƙarfe 1 na dare a sauke kaya, a kwashe su da hantsi. Ba a tsallake sha biyun dare ba, amma kowa ya yarda kayan sun kwana. Sannan akan ajiye kaya bayan isha'i, motar da za ta ɗauka ta zo 12 da rabi na dare. Kwanan wata ya canza a kalanda, amma babu wanda zai ce sun kwana. Da na tambayi Kawu mene ne ma'auninsa, sai ya ce, "In asuba ta same su a sitona, sun kwana." Shi ke nan, ƙa'ida ta samu. Abin da manhaja za ta ƙirga shi ne asuba nawa ta faɗo tsakanin shigar kaya da fitarsu.

Yadda ake yi a aikace ba shi da wuya. Ka ɗauki ƙarfe 5 na safe a matsayin iyakar rana. Ka cire awa 5 daga lokacin shiga, ka cire awa 5 daga lokacin fita, sannan ka duba bambancin kwanan watan biyun. Abin da ya fito shi ne kwanan Bahaushe. Sharaɗi ɗaya, dole a yi wannan lissafi da agogon gida, ba da GMT ba, domin Nijeriya na gaba da GMT da awa 1. Mun yi sa'a ba ma canza agogo rani da damina kamar Ingila da Amurka, kuma agogonmu ɗaya da na Nijar da Cadi da Kamaru, don haka fataken da ke zuwa ta Gamborun Ngala ba su da wata matsala. Amma wanda zai gina wa 'yan uwanmu na zangon Kumasi, ya tuna su a kan GMT suke, na Makka kuwa suna gaba da mu da awa 2. Ƙarfe 5 ɗin ma na bar shi yadda mai sito zai iya canzawa, tunda alfijir ba ya keto wa kowa lokaci guda. Mu nan gabas muna riga Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa.

Wannan ke nan game da kwana. Na biyu shi ne zaɓin kalmomi. Muna da awa da sa'a, muna da sakan da daƙiƙa. Awa da minti da sakan daga Turanci muka aro su, sa'a da daƙiƙa daga Larabci. A rediyo da jaridu za ka ji ana cewa daƙiƙa ana nufin sakan, kuma a Kano ko Zariya ba wanda zai ruɗe. Amma a Larabci daƙiƙa minti ce. Mu kuwa a Maiduguri kasuwarmu cike take da Shuwa da mutanen Cadi masu jin Larabci. Ka rubuta wa Bashuwe daƙiƙa 30, shi a ransa rabin awa ka ce. Saboda haka a tawa manhajar sakan na sa. Haka kuma na zaɓi awa a kan sa'a, domin ita ce a bakin ɗan dako da direba da mai shayi. Sa'a kalma ce mai kyau a rubutu, amma rasit ba wurin nuna iya Hausa ba ne.

Na uku, tsarin jimla. Bature yakan sa lamba a gaba, kalma a baya, sannan ya ƙara mata harafin jam'i in abin ya wuce ɗaya. Shi ya sa manhajojin da aka fassara cikin gaggawa ke fito mana da abubuwa irin su "3 awanni da suka wuce". Ba haka muke magana ba. Mu kalma ce gaba, lamba a baya: awa 3, kwana 10, minti 15. Kuma ba lallai ne a jam'inta kalmar ba. "Kwana goma" ya fi zama a baki fiye da "kwanaki goma", duk da cewa dukkansu Hausa ne. A nan mun huta. Balarabe sai manhaja ta tanadar masa siga har 6 gwargwadon lambar da ta zo, mu kuwa siga ɗaya ta ishe mu. Sai kuma ɗan haɗi "da", wanda bai kamata a maye gurbinsa da waƙafi ba: kwana 2 da awa 3. In minti 30 ne a bayan awa, a ce da rabi. In 15 ne, a ce da kwata. "Awa 2 da rabi" ya fi saurin shiga kai fiye da "awa 2 da minti 30", domin haka tsohuwarka za ta faɗa.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowa ya guje wa, wato rubuta tsawon lokaci da siffar agogo. A teburin caji, in waya ta nuna 2:30 kawai, me take nufi? Ƙarfe biyu da rabi za a zo karɓa? Ko awa biyu da rabi wayar ta yi a jone? Ko minti 2 da sakan 30? Hausa ta riga ta raba mana gardama: ƙarfe na agogo ne, awa ta tsawon lokaci ce. Mai manhajar da ya jefar da waɗannan kalmomi biyu don ya rage wuri a fuskar waya, ya jefar da abin da harshen ya ba shi kyauta.

Na huɗu, abin da za a faɗa da abin da za a bari. Na'ura na iya ba ka kwana 2 da awa 3 da minti 41 da sakan 9. Duk gaskiya ne, amma mutum ba ya buƙatar duka. Ƙa'idar da na bi ita ce a faɗi manyan guda biyu a yi shiru: kwana 2 da awa 3. In bai kai awa ba, minti kawai. In bai kai minti ba, a ce yanzun nan. Sai dai a kula wajen cikasa lamba. Sakan 7,190 awa 1 ne da minti 59 da sakan 50. In ka raba tukuna sannan ka cikasa mintin, sai waya ta rubuta "awa 1 da minti 60", abin dariya. A fara cikasa jimillar, sannan a raba, sai ya fito awa 2.

Cikasawar ma tana da ladabi. In kuɗi ne ya rataya a kan lokacin, ba a cikasawa a ɓoye. A rasit ɗin Kawu, bayan an rubuta kwana 2, a ƙasa ana nuna ranar shiga da ƙarfe nawa, ranar fita da ƙarfe nawa, don mai kaya ya ƙirga da yatsunsa ya gamsu. In kuwa lokacin da ya rage ne kafin a rufe wani abu, to ƙasa ake yi da lamba, ba sama ba. Minti 35 ba "kusan awa 1" ba ne ga wanda ke kan hanya. Mu mutanen garin nan mun san wannan fiye da kowa. Mun yi shekarun dokar hana fita, mun san yadda ake duba agogo ana sauri. Kuma ba mu manta daren 9 ga Fabrairu, 2020 ba, lokacin da matafiyan da suka iso Auno bayan an rufe hanyar shiga gari suka kwana a motocinsu, aka far musu, aka kashe mutum 30 ko fiye. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda zai rubuta wa matafiyi kalmar "saura", ya san nauyin da ke kanta.

Na biyar, wata da shekara. Daga sakan zuwa sati lissafi a tsaye yake. Daga wata kuwa ƙasa ta fara motsi, domin wata ba shi da tsawo ɗaya. Na Bature daga kwana 28 ne zuwa 31. Namu na Musulunci 29 ne ko 30, kuma sai an ga jinjirin wata Sarkin Musulmi ya sanar. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366. Manhajoji da yawa sukan ɗauki wata a matsayin kwana 30 su wuce. Don nuna tsufan saƙo wannan ba laifi. Amma ka ɗauki matar da ke takaba, wata 4 da kwana 10. Ko mai lissafin cikar shekarar zakka. Wanda ya ba su lamba daga kwana talatin-talatin ba tare da ya faɗi wane wata yake nufi ba, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ni a siton Kawu ban sa wata ba sam. Ko kaya sun kai kwana 45, kwana 45 za a rubuta. Abin da bai da tabbas gara a bar shi a bakin malamai da masu duban wata.

Akwai wani wurin da Hausa ta fi Turanci wadata, kuma abin takaici ba a cin moriyarsa. Muna da shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta, kowace kalma guda. Muna da bara, bana, baɗi. Bature in ya wuce gobe sai ya haɗa jimla. To me zai sa waya ta ce mini "nan da kwana 2" alhali jibi na nan? A manhajar Kawu, in ɗan kasuwa ya ce zai dawo ranar kaza, abin da ke fitowa shi ne gobe, ko jibi, ko gata. Daga nan sai a koma lamba, domin na lura samarin yanzu in ka ce citta sai sun tsaya tunani.

Mai karatu zai iya tambaya, shin manyan kamfanoni ba su yi wannan aiki ba? An yi wani abu, ba a ce ba a yi ba. Ƙungiyar Unicode, wadda ta ba mu gurbin ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta, tana da wani rumbun bayanai mai suna CLDR, inda ake tara yadda kowane harshe ke rubuta kwanan wata da lambobi da tsawon lokaci. Hausa na ciki, har an ware ta Nijeriya da ta Nijar da ta Gana. Daga wannan rumbu ne Android da iPhone da manhajojin shiga intanet ke ɗibar kalmominsu. A yaren JavaScript akwai Intl.RelativeTimeFormat da aka shigar cikin ƙa'ida a 2020 don faɗin "jiya" da "minti 5 da suka wuce", sannan Intl.DurationFormat da ta fara aiki a Chrome a 2024 don faɗin awa kaza da minti kaza. Ka ba su lamba ka ce "ha", in wayar na ɗauke da bayanan Hausa su ba ka rubutu. Aiki ne mai kyau, kuma ina shawartar duk mai farawa ya fara daga nan.

Sai dai su kalmomi suke musanyawa. Ranar da ke cikinsu ta kalanda ce ko ta awa 24, ko da wane harshe aka faɗe ta. Ba su san asuba ba, ba su san yini ba, ba su san cewa a kasuwar Gamboru daƙiƙa na da ma'ana biyu ba. Wannan ba gazawarsu ba ce, domin ba a gina su don siton Kawu ba. Aikin ɗan gida ne ya zauna gefen dattijo ya ji yadda yake ƙirgawa, sannan ya koya wa na'ura. In ba mu yi ba, wata rana yaranmu za su taso suna ganin kwana awa 24 ne saboda haka waya ta ce, su riƙa gardama da iyayensu a kan abin da iyayen suka fi su sani.

Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba, abin da ya riƙe mu fiye da shekara ɗari tun kafuwar Yerwa a 1907 shi ne amana a ciniki. Babarbare ya bar wa Bahaushe kayansa ya tafi Kukawa ko Dikwa, ya dawo a yi lissafi ba tare da ɗaga murya ba, domin dukkansu ƙirge ɗaya suke yi. Yanzu da lissafin ke komawa cikin waya, kada mu bari waya ta shigo da wani ƙirge na daban ta raba mu.

Don haka kirana ga matasanmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, da masu koyo da kansu a shagunan gyaran waya kamar ni: in za ku gina wa mutanenmu manhaja, ko ta adashe ce, ko ta tunatar da shan magani, ko ta hayar injin ban ruwa, ku karanta abin da ta rubuta da ƙarfi a gaban mahaifiyarku. In ta ce "me?", to da sauran aiki. In ta gyaɗa kai ta ci gaba da abin da take yi, kun gama.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa a Barno da Nijeriya baki ɗaya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya jiƙan magabatanmu. Sai wani jiƙon, in Allah Ya kai mu. Wassalam.